Allurar da Sista Ba Ta Yi Ba

Sufeto ne ya tona asirin, kuma ba da mugun nufi ba.

Ranar Asabar ce da yamma. Umma na zaune a doguwar kujera da kofin shayi a hannu, Yaya na gefenta tana latsa waya. Sista, autar Umma, ta durƙusa tana tsince biskit ɗin da ɗanta ya marmashe a kan kafet. Shekararsa ɗaya da 'yan watanni. Ubansa ne ya laƙaba masa Sufeto, don babu jaka ko durowa ko aljihun da zai wuce bai bincika ba. Ya tako yana tangaɗi, ya kama bakin rigar uwarsa da hannu biyu, ya ɗaga, ya manna bakinsa a cikinta.

"Bebi! Muwa!"

Ya juya ya kalli kakarsa yana jiran tafi.

Babu wanda ya tafa.

Ba cikin kaɗai Umma ta gani ba. Ta ga faffaɗan bel ɗin roba da aka ɗaure shi da shi tam, har ya yi shata a fata. Ta ajiye kofin a hankali.

"Auta, wata nawa?"

"Umma..."

"Na ce wata nawa?"

"Ya kusa biyar."

Yaya ta saki wayar a cinya. "Innalillahi! Ke? Ke da hotonki ke manne a bangon asibiti kina koya wa mata tazarar haihuwa? Ciki a kan goyo? Yaron nan ko magana bai iya ba!"

"Ya iya wadda muke bukata," in ji Umma. Idonta na kan bel ɗin. "Ke da allurar ke hannunki kullum, yaya aka yi?"

Sista ta ja rigarta ƙasa. Tun tana makaranta ita ce wadda ba ta kuskure a gidansu, wadda ake nuna wa sauran yara. Ta buɗe baki, sai maganar ta fito kafin ta auna ta.

"Ba ni ba ce. Abbansa ne... shi ya hana ni yin allurar."

A daidai lokacin aka turo ƙofa da sallama. Mijinta ne, wanda duk layin ke kira Mai Firij, akwatin kayan aiki a hannu ɗaya, ledar burodi mai ɗumi a ɗayan. Don Umma ya sayo, ya san irin wanda take so. Ya rusuna ya gaishe ta. Ba ta amsa ba.

"Sannu da zuwa, mai iko," in ji Yaya. "Ashe haka kake? Mu muna ganinka shiru-shiru! Ka hana yarinya allura, ka sa tana ɗaure ciki kamar marar aure, don ka nuna kai ne namiji a gida?"

Ya kalli matarsa. Ita kuma ta kalli biskit ɗin da ke tafin hannunta.

"Haka ta ce?"

"Au, ƙarya ta yi maka?"

Sufeto ya riga ya isa ga ledar, yana ƙoƙarin zura kai a ciki. Mai Firij ya ɗaga ta sama kaɗan, ya ɗora a kan tebur.

"A'a," ya ce. "Laifina ne, Umma. A yi haƙuri."

Umma ta miƙe ta gyara mayafi. "Tun farko na faɗa. Na ce karatunta da naka ba ɗaya ba ne, wata rana za ka rama a kanta. Aka ce ni ce mai son zuciya."

"Ga burodi, Umma."

"Ka ci abinka."

*

Gaskiyar maganar gajera ce. A sashen tazarar haihuwa na ƙaramin asibitin da Sista ke aiki, ma'aikata biyu ne: ita da wata da mata ke kira Mai Tabarau. Dokar sashen ita ce ma'aikaciya ba ta yi wa kanta allura, sai abokiyar aikinta ta yi mata.

Lokacin allurar Sista ya zo ne a makon da aka manna sabon hoto a zauren jira. Ga ta cikin fararen kaya, Sufeto a hannunta, Mai Firij a bayansu yana murmushi kamar wanda aka matse wa takalmi. A ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe: TAZARA HUTU CE GA UWA. Mai Tabarau ta girme ta a aiki, kuma ta sa rai ita za a ɗauka, ita za a ba shugabancin sashen da ake ta raɗe-raɗinsa. Daga ranar suka daina magana, sai "miƙo auduga" da "wa ke biye?"

Sista ta kasa nannaɗe hannun riga ta ce da ita, "Yi mini." Ta ce gobe. Ta ce sai an huce. Zuwa wani asibitin ta bi layi da matan da suka san fuskarta kuwa, ko tunaninsa ba ta yi ba. Ta gaya wa kanta shayarwa za ta kare ta, maganar da take tsawata wa mata a kanta kowace safiya.

Ranar da ta gaya wa mijinta tana da ciki, a banɗaki ta tsaya tana kuka. Shi kuma ya ɗauki Sufeto ya yi ta juyi da shi a falo har suka ture fanka.

"Sanyina, wannan ai ba mutuwa ba ce! Mutum ne zai ƙaru!"

Sanyina yake kiranta tun ranar farko. Firij ɗin alluran asibitin ne ya lalace, aka kira shi, ita aka sa ta riƙe masa tocila. Ya gama gyara cikin rabin awa, amma ya yi ta dawowa duba shi har sai da shugabar asibitin ta tambaye shi ko firij ɗin yake nema da aure.

Ta roƙe shi kada ya gaya wa kowa, ya yarda. Sufeto kaɗai ya gaya wa, don yana ganin asiri ba zai fita daga bakin da kalmominsa ba su wuce Mama da Abba da ruwa ba.

*

Bayan tafiyar su Umma, ya haɗa ruwan wanka ya sa yaron a baho. Sista ta tsaya a bakin ƙofa.

"Abban Sufeto..."

"Miƙo mini tawul."

Ta miƙa. "Me ya sa ka amsa?"

"Me kike so in ce? In ce wa uwa 'yarta maƙaryaciya ce, a falona, shayina a hannunta?"

"Zan gyara. Wallahi zan gaya musu... ka bari su ɗan huce."

"Su huce." Ya wanke kumfar da ke kan yaron, yana kare masa ido da tafin hannu. "Haka kika ce da allurar."

Ya ci gaba da cuɗa bayan yaron.

"Kin ɗaure shi wata da watanni, ban ce komai ba. Kullum ina ganin shatar bel ɗin nan idan kin cire, ina haɗiye magana. Abu ɗaya nake so in sani. Kunyar cikin kike ji, ko kunyar wanda ya yi shi?"

Sufeto ya daki ruwan da hannu biyu, ya jiƙa su duka. Ta samu abin yi, ta tafi ɗauko tsumma. Da ta dawo, bai sake tambaya ba, ita ma ba ta amsa ba.

Gidan ya ci gaba da tafiya kamar da. Da safe Mai Firij ne ke ɗora yaron a po, ya zauna a gabansa yana yi masa kirari har a samu sakamako. Shi ke neman takalmi ɗaya da ya ɓata, ya same shi a tukunya. Shi ke fito da makullin babur daga cikin firij, inda Sufeto ke ajiye duk abin da yake ganin mai muhimmanci ne. Tunda aka yaye yaron da gaggawa ya koma kukan asuba, uban ne ke saɓa shi a kafaɗa yana zagaya falo. Idan bayanta ya riƙe, zai kawo filo ya sa mata ba tare da ta nema ba.

Abu biyu ne suka canza. Ya koma kiranta Maman Sufeto, kamar yadda maƙwabta ke yi. Idan kuma yaron ya nufo cikinta da baki a tsuke, sai ya ɗauke shi.

"Zo nan. Bar Mama ta huta."

Ranar Lahadi ya je gaishe da Umma kamar yadda ya saba, aka ce tana barci. Ya ji muryarta daga ciki tana sauraron rediyo. Gwaggon Sista, wadda shekara da shekaru shi ke yi mata gyara, ta ɗauki firij ɗinta a mota ta wuce ta gaban shagonsa ta kai wa wani. Bai ba matarsa labari ba. A bakin Yaya ta ji, a waya.

"Ya yi kaɗan! Ke dai ki haɗa kayanki ki dawo gida, Auta. Ɗakinki na nan. Mutumin da zai hana ki allura yau, gobe aikin zai hana ki."

"Yaya, ba haka..."

"Kar ki kare shi! So ne ya rufe miki ido."

Sista ta kalli wayar. Kalma uku kawai ake bukata: ƙarya na yi. Ta ce, "Sufeto na kuka," ta kashe. Sufeto na zaune lafiya lau yana zare tishu daga kwali ɗaya bayan ɗaya.

*

Ranar Litinin, Mai Tabarau ta yi mata magana a karon farko cikin watanni.

"Sannu, ƙanwata. Zauna mana, kin ga ba a son mai juna biyu da tsayuwa."

Sista ta tsaya da tiren allura a hannu.

"Na haɗu da yayarki a kanti, ta ba ni labari har da hawaye. Ashe shi ya hana ki? Ayya! Ni kuwa na yi ta jira ki kawo mini hannunki, shiru. Na ce ko wani wuri kika je." Ta cire tabaran tana gogewa da gefen riga. "Maza ke nan. Amma kar ki damu. Za mu taimaka miki."

Mai Tabarau ta san gaskiya. Duk duniya ita kaɗai ce ba za a yi wa wannan ƙaryar ba, ban da Mai Firij.

Sau ɗaya a wata, ranar Laraba da safe, asibitin na tara magidantan da suka rako matansu, a yi musu bayani a zauren jira. Wannan karon Mai Tabarau ce ta ce za ta yi. Sista na ɗakin awo tana ɗaura wa wata mata abin awon hawan jini, ƙofa a ɗan buɗe, sai ta ji muryar da ta sani.

"Ruwa! Abba, ruwa!"

Ta leƙa. Mai Firij ne ya shigo da akwatinsa, Sufeto a kafaɗa. Ranar Laraba matar da ke riƙe musu yaron ba ta zuwa, a shago yake wuni. Firij ɗin alluran na kusurwar zauren, ƙofarsa a buɗe, babu komai a ciki. An riga an kwashe alluran an jera a akwatin ƙanƙara, tsaf, kamar wanda ya san lalacewar na tafe.

"Yauwa, ga mai gyara," in ji Mai Tabarau. "Bismillah, yi aikinka, mu ma muna namu."

Ya sauke yaron, ya durƙusa a bayan firij ɗin. Maza sun cika bencina biyu, matansu na ɗaya gefen.

"Yau maganarmu a kan mazan da ke hana matansu tazara ce," ta fara. "Za ku ce ai jahilai ne ke yi, na nesa da asibiti. To ba haka ba ne. Akwai wanda matarsa ma'aikaciyar lafiya ce. Akwai wanda har hotonsa aka ɗauka yana murmushi, aka manna a bango."

Sufeto ya ji an ce hoto. Ya san wannan kalmar. Ya tako tsakiyar zauren, ya ɗaga yatsa ya nuna bango.

"Abba!" Sannan ya juya ya nuna bayan firij. "Abba!"

Kawuna suka juya daga bango zuwa kusurwa, suka sake komawa bango.

"Kai! Ashe kai ne na hoton!" in ji wani direba mai hular saƙa. "Malam, ka cuce mu. Saboda kai matata ta hana ni sakat. Kullum sai ta ce in yi koyi da mijin Sista!"

Aka fashe da dariya.

"Yaron nan bai kai shekara biyu ba," in ji Mai Tabarau, "ga wani a hanya. Baiwar Allah tana ɗaure ciki tana zuwa aiki don kunya. Ko na yi ƙarya, maigida? In an yi maka ƙage, ga jama'a, ka faɗa."

Sista ta gane lissafin. Idan ya musa, an san ita ce ta yi sakaci ta kuma yi ƙarya. Idan ya amsa, an san mai wa'azin tazara ta kasa da mijinta. Ko ta ina, kujerar shugabancin ta tafi. Ta lura ba kujerar take kallo ba. Bayan wuyansa take kallo, inda gumi ya fara tsattsafowa, da hannunsa da ya tsaya cak a kan sukudireba.

Wani dattijo ya girgiza kai. "Ɗana, ba a haka. Mace amana ce."

Mai Firij ya ɗago. Bai kalli ƙofar ɗakin awo ba, ko da yake ya san tana nan.

"Na ji, Baba," ya ce. "Na gode da nasiha."

Matar da ke gaban Sista ta taɓa ta. "Sista, abin nan ya matse mini hannu."

Ta sassauta mata, ta ce tana zuwa. Ta shiga bayan labule, ta ɗaga riga, ta ɓalle bel ɗin. Numfashi ya sauka har ƙasa. Abin da ke ciki ya motsa sau ɗaya, da ƙarfi. Ta saki rigar, farin yadin ya ɗame a kan cikin, ya fito fili. Ta fita da bel ɗin a hannu.

"Ƙarya ne."

Kawuna suka juyo gare ta.

"Ba ita ta ƙirƙira ba, ni na yi ta. Bai hana ni komai ba. Shi ne ma yake tuna mini lokaci ya yi, ina ce masa na fi shi sanin aikina." Ta dubi bencin mata. "Ban yi allurar ba ne saboda ba na magana da wadda za ta yi mini. Girman kai ne. Da aka gane a gida, na ji kunya, na ɗora masa. Ya ɗauka."

Babu wanda ya motsa, sai Sufeto da ya zo ya karɓi bel ɗin daga hannunta don ya bincika.

Daga bencin mata wata ta yi magana, mai goyon 'yan biyu. "Sista, ba ke ce kika wanke ni tas ba, ranar da na makara? Har kika ce in ba zan iya riƙe rana ɗaya a kaina ba, yaya zan riƙe gida?"

"Ni ce. Ki yafe mini."

Matar ta dube ta daga sama har ƙasa. "Na yafe. Amma wallahi yau sai na ba da labarin nan a gida."

Dariyar da aka yi wannan karon ba ta da kaifi. Direban ya cire hula ya sosa kai. Dattijon ya kalli Mai Firij kamar zai ce wani abu, ya fasa. Mai Tabarau ta mayar da tabaranta, tana jera takardun da ba su hargitse ba. Shugabar asibitin na tsaye a bakin ofishinta, ba a san tun yaushe ba.

"Ku biyun, ku same ni ciki," ta ce da Sista da Mai Tabarau.

Mai Firij ya miƙa hannu bayan firij ɗin, ya jona wayar a bango. Injin ya tashi da guri.

"Lafiyarsa ƙalau," ya ce wa shugabar. "Zare shi aka yi."

Ya rufe akwatinsa, ya karɓi bel ɗin daga hannun yaron ya ajiye a benci, ya saɓa shi a kafaɗa ya fita. Bai kalle ta ba.

*

Kafin azahar an cire hoton. Shugabancin sashen an ce za a kawo wata daga waje. Shugabar ta soke dokar jiran abokiyar aiki, ta ce duk mai bukatar allura ta zo wajenta. Sista ta saurara, ta ce to. Daga baranda ta kira Umma, ta faɗa mata komai ba tare da ta rage ba.



"Kin sa na ci mutuncin ɗan mutane a cikin gidansa," in ji Umma. "Ya zo gaishe ni na ce ina barci."

"Umma, ki yafe..."

"Ba ni za ki roƙa ba." Ta kashe.

Da aka tashi aiki ba ta nufi gida ba. Ta bi babban titi a ƙafa cikin fararen kayanta, cikin a gaba, babu abin da ya rufe shi. Mai kantin magani ya gani. Matan da ke jiran mota sun gani, ɗaya ta zunguri ɗaya. Ta gaishe su ta wuce.

Shagon na ƙarshen layin masu walda. Firji-firji ne jere har waje, wasu babu ƙofa, wasu babu baya, ga warin dalma da man inji. A tsakiya akwai wani tsohon firij da aka cire wa ƙofa aka kwantar, aka shimfiɗa bargo a ciki. Nan ne ofishin Sufeto. Yana zaune yana bugun murfin tukunya da cokali. Ubansa na tsugune yana hura wuta a bakin wani siririn bututu.

Ta yi sallama. Ya amsa bai ɗago ba. Sai da ya gama liƙin ya kashe wutar, ya jawo kujera da ƙafa ya tura mata.

"Zauna. A ƙafa kika zo?"

"Eh."

Ya buɗe wani firij da ke aiki, ya ɗauko ruwa ya ba ta. Ta riƙe ba ta sha ba.

"Ka yi mini tambaya ban amsa ba."

"Na manta."

"Ba ka manta ba." Ta juya robar ruwan a hannu. "Ba kunyar cikin nake ji ba. Ba taka ba ce kuma, wallahi, ko sau ɗaya. Kunyar a ce na yi kuskure nake ji. Ban saba ba. Na duba wanda zai ɗauka bai yar da ni ba, sai na ga kai... shi ya sa na ɗora maka. Wannan ya fi ƙaryar muni, na sani."

Ya ɗauki tsumma yana goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya.

"Zagin yayarki bai dame ni ba," ya ce. "Na Umma ya ɗan taɓa ni. Abin da ya hana ni barci shi ne bel ɗin nan. Kullum ina tunanin yaro na ciki a matse, yana jin uwarsa ba ta son a gan shi."

Hawayen da ta riƙe tun safe suka zubo. Ba ta share ba.

"Na baro shi a bencin da ka ajiye."

"Na gani. Da kin ɗauko, da na yi wa firij ɗin can madauri da shi. Ƙofarsa ba ta rufuwa."

Dariya ta kufce mata a cikin kukan. Shi bai yi ba, amma gefen bakinsa ya motsa.

Wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Ya duba, ya miƙe tsaye kafin ya ɗauka, har da ɗan rusunawa.

"Ina wuni, Umma... Lafiya lau... Ƙara? Wace irin ƙara?... To. To, in sha Allahu gobe da safe... Na'am?... To, Umma."

Ya kashe ya tsaya yana kallon wayar.

"Wai firij ɗinta na ƙara."

"Firij ɗin da ka canza wa inji kwanan nan?"

"Lafiyarsa ƙalau. Zai kai Sufeto makaranta bai yi tari ba." Ya mayar da wayar aljihu. "Ta ce in zan zo in taho da burodin nan. Mai ɗumi."

Sufeto ya gaji da murfin tukunya. Ya ɗago ƙafa ɗaya ya haura gefen ofishinsa, ya sauko da baya, ya tako wajen uwarsa. Ya dafa gwiwoyinta, ya tsuke baki, sai kuma ya tsaya ya waiwayi ubansa, yana jiran a ce ya bar Mama ta huta.

Ba a ce ba.

Ya manna bakinsa a kan farar rigar, ya bar mata shatar man inji.

"Bebi! Muwa!"

Mai Firij ya ajiye tsumman.

"Tafa masa, Sanyina," ya ce. "Tun ranar nan yake jira."